Mahaifina yana kwance rai a hannun Allah, an ce in zo mu yafi juna

Tambaya:

Malama, shekarata 34, ina aure a Katsina, 'ya'yana uku. Mahaifina mutumin Daura ne. Tun ina ƙarama duka muka sani, ni da ƙannena da mahaifiyarmu, har yau akwai tabon wayar wuta a bayana. Ina aji biyar na sakandare ya cire ni zai ba abokinsa, da na ƙi sai ya saki mahaifiyata cikin dare, ya kore mu, ya ce ya sallama ni. Kawuna ne ya riƙe mu, shi ya aurar da ni. Shekara 16 ke nan ban sa mahaifina a ido ba. Yanzu gwaggona ta kira ni ta ce ƙodarsa ta daina aiki, an maido shi gida, likitoci sun ce sai addu'a, wai in zo in nemi gafararsa mu yafi juna. Wallahi ban ji zuciyata ta yafe ba. In na je na ce na yafe na yi ƙarya, in na ƙi ina tsoron in mutu da fushin uba. Yaya zan yi?

Amsa:

Ɗiyata, sannu da wannan kaya da kika ɗauko. Na karanta saƙonki sau uku, kuma inda na fi tsayawa shi ne maganar gwaggonki: ki zo ki nemi gafararsa. Ke aka daka, ke aka kora cikin dare, kuma ke ce za ki durƙusa. Na yi shekara ashirin da 'yan kai ina aikin walwalar marasa lafiya a asibiti, da yamma kuma ina karantar da matan aure a Islamiyyar unguwarmu, don haka wannan maganar ba baƙuwa ba ce a kunnena. A ƙasar nan in babba da ƙarami suka saɓa, ƙarami ne ke ba da haƙuri ko da shi aka taka. Al'adar tana da amfaninta, ta sha kashe wuta a gidaje da yawa. Amma a lamari irin naki takan sa mutum ya rasa gane wa ke bin wa bashi.

Ke kike bin sa. Abin da ya yi muku zalunci ne, kuma kasancewarsa uba ba ta canza wa abin suna ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce kowannenku makiyayi ne, kuma za a tambaye shi a kan abin da aka ba shi kiwo, ya kuma ambaci magidanci a kan iyalinsa. A hadisin da Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira ya ce duk wanda ya zalunci ɗan'uwansa a mutuncinsa ko a wani abu, ya nemi ya warware masa tun yau, kafin ranar da babu dinari babu dirhami, ranar da za a ɗebo daga ladansa a biya. Ki lura da wanda aka umarta ya tashi ya nema: mai zaluncin. Malamai sun daɗe da raba haƙƙin Allah da haƙƙin bayi. Na Allah, tuba tana goge shi. Na bayi kuwa sai an biya ko mai shi ya yafe da kansa. Shi ya sa ma in an idar da sallar jana'iza wani yakan tashi ya yi shela, duk mai bin mamaci bashi ya ga iyalinsa, duk wanda ya saɓa wa don Allah ya yafe masa. Roƙo ake yi, domin abu ne da ke hannun mai shi.

Ki buɗe Suratush Shura ki karanta daga aya ta 40 zuwa ta 43 a jere, kada ki tsinci ɗaya ki bar sauran. Farko aka ce sakamakon cuta cuta ce irinta, sannan wanda ya yafe ya gyara ladansa yana wurin Allah. Sai aka ce wanda ya ɗauki fansa bayan an zalunce shi, babu hanyar zargi a kansa. Zargi yana kan masu zaluntar mutane. Daga ƙarshe aka ce wanda ya yi haƙuri ya gafarta, wannan yana cikin manyan al'amura. Yafiya daraja ce da aka kwaɗaitar a kanta, kuma aka kira ta babban al'amari saboda an san tana da nauyi. A Suratun Nisa'i aya ta 148 an halatta wa wanda aka zalunta ya faɗi abin da aka yi masa. Saboda haka ki daina jin kin yi zunubi don kin rubuto mini, ko don kin ce zuciyarki ba ta sauko ba tukuna.

Amma zan cuce ki in na tsaya a nan, don akwai ɗaya gefen kuma kin san shi. Kin haddace ayar Suratul Isra'i da ta hana ko cewa iyaye "uf". Wadda ta fi kusa da halinki ita ce ta Suratu Luƙman, aya ta 15, inda ake maganar iyayen da suka matsa wa ɗansu ya yi shirka. An ce kada ya bi su, amma ya zauna da su a duniya da ma'arufi, wato kyakkyawar mu'amala da kowa ya sani. Asma'u 'yar Abubakar ta tambayi Manzon Allah game da mahaifiyarta da ta zo mata Madina alhali ba ta musulunta ba, ya ce ta sadar da zumuncinta. Ya kuma ce mai sada zumunci na gaske shi ne wanda in an yanke masa yake ƙullawa, ba mai ramawa kawai ba. Ke nan haƙƙin haihuwa bai faɗi ba don uba ya munana. Abin da nake so ki gani shi ne ayar ta yi umarni ne da aiki: magana mai kyau, rashin wulaƙanci, taimako in da hali. Ba ta ce sai kin ji ƙaunarsa ba, ba ta ce ki manta ba, ba ta ce ki rantse cewa abin bai faru ba.

Kuma zumunci hawa-hawa ne. Alƙali Iyali, babban malamin Malikiyya, ya bayyana cewa mafi ƙanƙantar matakinsa shi ne barin gaba da sadarwa da magana, ko da sallama ce. Ibnu Abdul Barri kuma, da yake sharhin hanin ƙaurace wa Musulmi fiye da kwana uku, ya ce malamai sun cire wanda yake tsoron mu'amalar za ta cutar da shi a addininsa ko duniyarsa, har ya ce sau da yawa rabuwa cikin mutunci ta fi cuɗanya mai cutarwa. Na kawo miki wannan ne saboda shekara 16 ɗin da kike ƙirgawa kamar laifi. Yarinyar da aka jefar da kayanta waje ba ita ta yanke zumunci ba.

Yanzu ga ra'ayina, tunda shi kika nema. Ki je. Ki je ko da ba ki yafe ba.

Gwaggonki ta ɗaure abu biyu da igiya ɗaya, zuwa da yafewa, shi ya sa kika rasa mafita. Ki kwance su. Zuwa yana da wa'adi, kuma wa'adin ya fi abin da kike zato gajarta. Yafiya ba ta da wa'adi. Kina iya yafe masa bayan shekara goma da rasuwarsa, a kan sallayarki, kuma ta isa gare shi, don haƙƙin naki ne har ranar da kika sauke shi. Amma ganinsa da rai, jin abin da zai ce ko ganin cewa ba abin da zai ce, wannan in ya wuce ya wuce. A cikin waɗanda na zauna da su bayan mutuwar irin waɗannan iyaye, na ga waɗanda suka je suka dawo da ɓacin rai, bayan 'yan makonni ya lafa. Waɗanda suka fi daɗewa suna dawo mini su ne masu tambayar "da na je, me zai ce?", don wannan tambaya babu mai amsa ta.

Na ce wa'adin gajere ne don na san ciwon. Idan ƙoda ta gaza kuma ba a wanke ta, dattin da ya kamata ya fita ta fitsari yana taruwa a jini. Mutum sai ya riƙa yawan barci, ya daina son abinci, ya fara ruɗewa, ya kira wannan da sunan wancan, daga nan ya shiga dogon suma. Hankali yakan tafi kwanaki kafin rai. Idan kina son ki same shi yana gane mutane, kada ki ce sai ranar Juma'a ko sai an yi albashi. Daga Katsina zuwa Daura ta Mashi kimanin kilomita 80 ne, ki fita da safe ki yi la'asar a ɗakinki.

Game da tsoron yin ƙarya, ina ganin labarin Wahshi zai sanyaya miki rai. Shi ne ya kashe Sayyidina Hamza, baffan Manzon Allah, a yaƙin Uhudu shekara ta 3 bayan hijira. Daga baya ya zo ya musulunta. Manzon Allah ya karɓi Musuluncinsa, bai ɗauki fansa ba, bai hana shi komai na haƙƙinsa ba, amma ya tambaye shi ko zai iya ɓoye masa fuskarsa. Yana cikin Bukhari. Mafi tausayin halitta ke nan, ya bar hukunci, amma ganin fuskar yana tayar masa da ciwo, kuma bai ɓoye hakan ba. Haka Annabi Yaƙubu, da 'ya'yansa suka ce ya nema musu gafara bayan abin da suka yi wa Yusufu, cewa ya yi da sannu zai nema musu, alhali Yusufu shi nan take ya ce babu zargi a kanku yau. Uba da ɗa, duka annabawa, a sura ɗaya, kowa da irin takunsa.

Masu nazarin halayyar ɗan'adam ma sun iso wurin ta tasu hanyar. Wani farfesa a Amurka mai suna Everett Worthington, wanda ya yi shekaru yana bincike a kan yafiya, ya raba ta biyu. Akwai ta yanke shawara: na bar ramuwa, ba zan yi masa mugun fata ba, ba zan wulaƙanta shi ba. Akwai kuma ta zuci, wadda in an ambaci mutum ƙirji ba ya ƙuna. Ta farko mutum yana iya yin ta yau da niyya. Ta biyu zuwa take yi a hankali, wani lokaci ta zo ta koma ta sake dawowa, kuma ba a yin ta da umarni. Dangi suna neman ta biyun a wurinki cikin kwana biyu, ke kuma da kika duba ba ki gan ta ba sai kika ɗauka ke muguwa ce. Ta farkon ma, in na karanta saƙonki daidai, kin riga kin yi rabinta, don babu inda kika yi masa fatan sharri.

Kada kuma ki yi mamakin jikinki. Mun ce jiki magayi, gaskiya ne. Wanda ya tashi cikin duka, jikinsa yana riƙe da abin ko da kansa ya ce ya wuce. Wani babban bincike da aka yi a Amurka a kan mutum sama da 17,000, aka fara buga sakamakonsa a 1998, ya nuna yadda azabar ƙuruciya ke bin mutum har girma, ta fito a matsayin damuwa mai tsanani da cututtukan jiki. Don haka in kin doshi ƙofar gidan nan kika ji gabanki yana dukan uku-uku, tafin hannunki ya jiƙe, ƙafarki ta yi sanyi, ko warin zauren kawai ya maida ke 'yar shekara goma, ba raunin imani ba ne kuma ba aljanu ba ne. Ki tsaya, ki ja numfashi a hankali, ki sha ruwa, ki tuna da motar da ke jiranki a waje da kuma cewa babu mai ikon hana ki fita.

Shirin tafiyar ya fi komai muhimmanci, don na ga ziyara da yawa ta lalace saboda an tafi kara zube. Kada ki je ke kaɗai. Ki tafi da maigidanki in mai sanyin hali ne, ya zauna a zaure. Kawunki, duk da alherinsa a gare ki, wataƙila ganinsa zai tayar da tsohuwar rigima, ki auna. Yaran ki bar su a gida a zuwan farko, in abin ya yi kyau sai a kawo su ya gan su. Ki kira gwaggonki tun kafin ki taso ki ce mata, "Gwaggo, zan zo in duba Baba, amma don Allah kada a tara mini mutane." Wannan sharaɗin ki riƙe shi da kyau. Ɗaki cike da baffanni da matan uba da maƙwabta, kowa yana cewa "ki ce kin yafe mana, uba uba ne", ba wurin da gaskiya za ta fito ba ne, daga bakinki ko nasa. Ki yanke wa kanki lokaci tun a hanya, ko da minti ashirin ne. Ki riƙa wani abu a hannu kamar yadda ake zuwa dubiya, amma ki tambayi masu jinyar abin da likita ya yarda ya ci, don masu ciwon ƙoda ana taƙaita musu gishiri da ruwa da wasu 'ya'yan itace irin su ayaba da lemo.

Idan kin shiga, sallama da "Baba, sannu da jiki, Allah ya sa kaffara ne" sun wadatar. Da wannan kaɗai kin sauke mafi ƙarancin abin da ke kanki. Sauran ya danganta da abin da kika tarar.

Zai yiwu ki tarar da mutumin da ciwo ya karya. Na taɓa tsayawa a bakin gado wani dattijo ya kama hannun ɗansa da ya yi shekaru bai gani ba, ya riƙa lissafa abubuwa ɗaya bayan ɗaya, har da ranar da ya ɗaure shi a turken akuya. Ɗan, magidanci mai furfura a gemu, bai ce uffan ba. Da uban ya gaji ya yi shiru, sai ya ciro reza daga aljihu ya zauna ya yanke masa farcen ƙafa, don sun yi zaƙo-zaƙo babu mai kula. Ya gama ya tattara farcen a takarda ya fita. Ban ji kalmar yafiya a ɗakin ba, ban kuma tambaye shi ba.

Amma in gaya miki gaskiya, irin wannan ba shi ya fi yawa ba. Wanda ya fi yawa shi ne "to, mu yafi juna", a dunƙule, ba a ambaci komai ba, kamar laifin rabi da rabi ne. Mazan zamaninsu da yawa iyakar abin da bakinsu zai iya ke nan, kuma ga wasunsu wannan ɗin ma dutse suka ɗaga. Ke za ki ji a ranki ko neman afuwa ne ko rufe magana. Kina da amsar da ba ƙarya a cikinta: "Na ji, Baba. In akwai abin da na yi maka ka yafe mini. Ni ma ina roƙon Allah ya ba ni ikon yafewa." Rabin farko ba amincewa ba ne cewa ke ce mai laifi, babu ɗan da bai taɓa saɓa wa iyayensa a wani abu ba, kuma ƙin auren dole ba ya cikin abin da ake neman gafara a kansa, don Manzon Allah da kansa ya warware auren Khansa'u 'yar Khizam da mahaifinta ya ɗaura ba da sonta ba. Rabin ƙarshe kuma addu'a ce. Idan kuma a wannan lokacin kika ji abin ya sauka daga ƙirjinki, ki ce kin yafe, kada ki riƙe don kin riga kin shirya ba za ki faɗa ba.

Akwai kuma wanda ciwo bai canza shi ba. Wata baiwar Allah ta taso tun daga Legas, ta durƙusa ta gaida mahaifinta, ya juya fuska bango ya ce shi bai haifi mai irin wannan suna ba. Ta miƙe, ta je ta biya kuɗin maganin da ake bin su, ta zauna a ofishina ta yi kuka har aka kira azahar. Abin da ta ce mini da za ta tafi shi ne aƙalla yanzu ta daina zargin kanta. Ki sa wannan a lissafi tun yanzu. In ya fara zagi, kada ki rama, kada kuma ki tsaya. "Allah ya ba ka lafiya, Baba," ki fita. Kuma kada ki je da niyyar zazzage masa tarihin shekara talatin. Mutumin da numfashi ke masa wuya ba zai iya ba ki shari'ar da kike nema ba, ke ce za ki dawo da nadamar kin yi faɗa da mai mutuwa. In akwai jumla ɗaya da kike jin dole ya ji ta, ki faɗe ta a hankali, sau ɗaya.

In kin tarar ya riga ya fita hayyacinsa, ki zauna kusa da kansa ki faɗi sunanki. Ma'aikatan jinya sun daɗe suna lura cewa ji yana cikin abin da ke jinkirin tafiya. Ki jiƙa masa leɓe da auduga, ki laƙƙana masa kalmar shahada a hankali ba tare da takurawa ba, kamar yadda aka umarce mu.

Sai maganar baki, don na san ita ce ke hana ki barci. Mutanenmu suna tsoron bakin iyaye, kuma da dalili, don hadisi ya zo cewa addu'a uku karɓaɓɓu ne, ciki har da ta mahaifi a kan ɗansa. Amma a cikin ukun nan akwai addu'ar wanda aka zalunta, kuma ba a cika karanta mana wannan ɓangaren ba. Sannan a Sahihu Muslim an ce ana amsa wa bawa matuƙar bai roƙi zunubi ko yanke zumunci ba. Allah ba ya zalunci, kuma ba ya zama makamin azzalumi. "Na sallama ki" kuma magana ce ta fushi, a shari'a ba ta yanke nasaba, ba ta hana gado. Shekara 16 kina cikin rufin asiri da miji da 'ya'ya, ki dubi wannan ma.

Mahaifiyarki fa, kada ta ji a bakin wani. Ki same ta ki zauna ki gaya mata kafin ki tafi. Wasu iyaye mata su ne ma ke cewa "tashi ki je, ubanki ne", wasu kuma sai su ji kamar an ci amanarsu, kuma ba za a ga laifinsu ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki nuna mata zuwanki bai rage komai daga abin da ta sha ba. Kuma ki sani ba ki da ikon yafewa a madadinta ko a madadin ƙannenki. In dangi suka ce "ki ce kun yafe gaba ɗaya", ki ce ke bakinki kawai kike da shi. Haka in ƙaninki ya ce shi ba zai je ba, kada ki zama gwaggo a kansa.

Akwai halin da nake janye shawarar zuwa. In cutarwar ta haɗa da abin da ba ki iya rubutawa ba, irin wanda ake yi wa 'ya mace a ɓoye, ko kuma tunanin shiga gidan kawai yana sa ki kasa ci da barci, ko kina da dalilin tsoron wani a gidan zai taɓa lafiyarki, to kada ki tilasta wa kanki. Ki yi sallamar ta waya a kara masa a kunne, ko ki aika saƙo ta bakin wanda kika yarda da shi, ko ki aika da kuɗin magani. A mazhabarmu ta Malikiyya ciyar da iyaye matalauta yana kan ɗa mai hali, namiji ko mace, kuma wannan hanya ce ta sauke haƙƙi ba tare da kin kai jikinki ba. In haka ne kuma, ki nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara a babban asibiti, ba don kin haukace ba, sai don kayan ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Idan ta Allah ta kasance, ki shirya wa abu biyu. Na farko zaman makoki. Za ki zauna a kan tabarma kina jin mutane suna cewa mutumin kirki ne, mai kyauta, ba ya fashin jam'i. Wataƙila ma gaskiya suke faɗa, don da yawa irinsu a waje zuma ne. Ba sai kin gyara musu ba, ba kuma sai kin tabbatar ba. "Allah ya jiƙansa" ta ishe ki amsa, kuma addu'ar rahama ga mamaci ba ta nufin kin ce bai yi ba. Kina iya yin yini ɗaya ki koma. Na biyu abin da za ki ji a ranki. Wasu kan ji sauƙi kamar an sauke musu tulu, sai kuma su tsorata da jin sauƙin. Wasu kan yi kukan da su kansu ba su yi zato ba, kuma in ka bincika ba wanda aka binne suke wa kuka ba, uban da suka yi ta jira ya zama ne. Duka biyun na gani, wani lokaci a mutum ɗaya a rana ɗaya.

Gado kuma ki karɓi rabonki, kada kunya ko fushi ya sa ki ce ba kya so, kada kuma wani ya ce miki wadda ba ta yi jinya ba ba ta da rabo. Allah ne ya raba a Suratun Nisa'i aya ta 11, bayan an biya bashi da wasiyya. In akwai dukiyar mahaifiyarki da ta maƙale a hannunsa, sadaki ne ko gadonta ko dabbobinta, wannan bashi ne da ake fitarwa kafin rabo, kuma fitar da shi taimakonsa ne a kabari. Ya fi kyau a tayar da maganar yanzu yana da rai, ta bakin wani dattijo da yake jin nauyinsa, ba ta bakinki ba kuma ba a ranar zuwanki ba.

Daren da za ki tafi ki yi istihara, ki kira gwaggo ki tambaye ta wane lokaci ne ya fi zama a farke. Masu irin wannan ciwo galibi da hantsi suka fi gane mutane.